Sunaye 32 a cikin tsohon kaye

A ƙasan akwatina akwai wani tsohon kaye mai shuɗin bango. Gara ta ci gefensa, takardunsa sun yi ja. Aikin koyarwa ya kai ni garuruwa huɗu, ko'ina na je da shi na ke tafiya. A cikinsa akwai sunaye 32, maza 21, mata 11. Su ne ƴan ƙungiyarmu ta wasan kwaikwayo, lokacin da mu ke kwaleji a Damagaram. Ni ne magatakardan ƙungiyar. Gaban kowane suna na rubuta sunan mahaifi, da sunan gari, da gidan da mutum ya ke zaune. Suna ɗaya, na 17, an ja masa layi da jan bik.

Yara, ina so in ba ku labarin yadda muka sake tara masu waɗannan sunaye bayan shekara 40. Labari ne kuma na wani kuskure da na yi sau biyu, sau ɗaya ina yaro, sau ɗaya ina da furfura.

Mun shiga kwaleji a watan Oktoba na 1981. A zamanin nan wasan kwaikwayo yana tashe a Nijar. Shugaba Seyni Kunce ya farfaɗo da samariya, kusan kowace unguwa tana da ƴan wasanta. Tun 1976 a ke yin babban bikin matasa na ƙasa, kuma a Damagaram aka fara shi. In an sa wasan su Yazi Dogo a rediyo, mu kan kewaye akwatin mu yi shiru. Kashegari a lakwal kowa yana kwaikwayon muryoyinsu.

Mushenmu na Faransanci ya ga haka, sai ya ce: «Tun da kuna son abin, ku kafa ƙungiya.» Muka kafa. Duk ranar Asabar da yamma mu kan taru ƙarƙashin wani babban dogon yaro a filin kwaleji. Ba mu rubuta wasa kalma bayan kalma. Mushe ya kan tsara labarin kashi-kashi, kowa ya san abin da zai faru a kashinsa, amma maganar daga bakinsa ta ke fitowa. A aji Faransanci kaɗai mu ke yi. Lakwal ta farko mai koyarwa da Hausa da Faransanci an buɗe ta a Damagaram a 1973, amma mu ba can muka yi ba, ba mu yi sa'ar da kuka yi ba. Ƙarƙashin iccen nan ne mu ke sakin baki da Hausa yadda mu ke so.

Kowannenmu ya sami sabon suna daga abin da ya saba fitowa a wasa. Akwai Alƙali, akwai Dogari, akwai Uwargida, akwai Boka, akwai Sarkin Fawa. Ni Tafinta a ke ce mini. Da waɗannan sunaye zan kira su a nan, don da su mu ke kiran juna har yau.

Wanda ya fi mu duka gwaninta shi ne Sankira. Yaro ne siriri, baƙi, mai faɗin murya. Shi ke buɗe kowane wasa. In ya sa hannu a kunne ya yi shela, har mutanen da ke wucewa bayan katanga su kan tsaya. Ba mu taɓa fara wasa ba sai da muryarsa.

Ƙungiyarmu tana da doka. Kowa zai ba da dala biyar a wata, wato sefa 25. Da kuɗin mu ke sayen kananzir na fitila, da audugar yin gemu, mu biya hayar ganga. Wanda ya yi wata uku bai biya ba, a soke sunansa. Ni na rubuta dokar da hannuna a shafin farko, ina alfahari da ita ƙwarai.

Damanar 1984 ba ta yi ba. Ruwa ya ɗauke tun hatsi bai nuna ba. Dabbobi suka yi ta mutuwa. Iyakar Nijeriya kuma a rufe ta ke tun watan Afrilu na shekarar, zamanin Janar Buhari, shi ya sa mutane suka sa wa yunwar nan suna El Buhari. Mutanen arewa, manoma da makiyaya, suka gangaro suka yi bukkoki a bakin gari. Mu ƴan birni muna ganinsu a kan hanyar lakwal. Amma tuwo bai yanke a gidanmu ba, saboda haka ban san zafin abin ba.

Sankira ɗan wani ƙauye ne na ƙasar Damargu. A gidan kawunsa ya ke zaune, a Zango. Watan Oktoba bai biya ba. Nuwamba bai biya ba. Disamba ma haka. Wata Asabar Mushe bai zo ba. Na buɗe kaye a gaban kowa, na karanta doka da ƙarfi, na ɗauki jan bik na ja layi a kan sunansa. Ina jin kaina wani babban ma'aikaci. Sankira bai ce uffan ba. Ya dubi kayen, ya dube ni, ya sa takalmansa ya tafi.

Bayan hutun Disamba bai komo lakwal ba. Daga baya muka ji cewa ɗan kuɗin da ya ke samu duk gida ya ke aikawa a sayi garin rogo. Dabbobin mahaifinsa sun ƙare, ya bar karatu ya tafi nema wa ƙannensa abinci. Ba layin da na ja ne ya fitar da shi lakwal ba, yunwa ce. Amma layin nan shi ne abu na ƙarshe da ya gani daga wurinmu.

A watan Yuni na 1985 muka yi jarrabawar fita kwaleji, muka watse. Wasu suka tafi lise, wasu makarantar horon malamai, wasu soja, wasu suka koma gona. Da yawa cikin matan aka yi musu aure. Kowa ya kama gabansa.

A farkon 2024 Boka ya rasu. Mu huɗu muka haɗu wurin gaisuwa: ni, da Alƙali, da Dogari, da Uwargida. Da muka fito ƙofar gida, Uwargida ta ce: «Wai mu sai wurin gaisuwar mutuwa za mu riƙa ganin juna?» Nan take muka yanke shawarar tara ƙungiya. Muka raba aiki. Alƙali, wanda ya zama babban ma'aikaci a Yamai, shi ne shugaba. Uwargida, ungozoma ce da ta huta da aiki, ita ce ma'aji. Dogari direban motar haya ne, shi zai kula da sufuri. Ni kuma na koma kan kayena.

Da fari abin ya zo da sauƙi. Muka buɗe zaure a WhatsApp. Cikin mako biyu mun kai mutum 15. Aka yi ta aiko tsofaffin hotuna, ana dariya har tsakar dare. A cikin zauren muka tsai da kome. Za a yi taro a watan Agusta, lokacin babban hutu. Za a kama ɗakin taro a otel. Za a yi anko. Kowa zai ba da jika goma, wato sefa 10.000. Muka kai sanarwa gidan rediyo, aka faɗi rana, aka faɗi kuɗi.

Wata biyu suka wuce. Ban da mu 15 ɗin nan, ba wanda ya amsa. Muka bincika, muka tabbata mutum 6 sun riga mu gidan gaskiya. Saura 11, shiru. Alƙali ya ce: «Wanda ya ke son zuwa ya ji sanarwa. Mu ma mun isa taro.» Ni ma na yarda da shi.

Aka aike ni in gayyaci Mushe. Ya haura shekara 80, idanunsa sun yi rauni. Na same shi a zauren gidansa a Birni, yana zaune bisa buzu. Na tuɓe takalma, na durƙusa na gaishe shi. Da jin muryata ya ce: «Tafinta ne?» Na gaya masa abin da ke tafe da ni. Ya yi murna, ya sa mana albarka. Sa'an nan ya ce: «Kayen nan yana nan? Karanto mini.»

Na karanta, yana ƙirgawa da yatsu.

«Talatin da biyu na ji. Ku nawa za ku taru?»

«Goma sha biyar, Mushe. Shida sun rasu, sha ɗaya ba su amsa ba.»

«Wane wata ka ce?»

«Agusta, Mushe.»

«Ka taɓa ganin manomi ya bar gonarsa a Agusta? Nawa kuka sa?»

«Jika goma.»

Ya yi shiru. Can ya ce: «Ɗana, ba ƙin amsawa suka yi ba. Kun rufe ƙofa, sa'an nan kuka tsaya daga ciki kuna cewa bismilla. Wannan taron masu albashi ne, ba na ƙungiyata ba. Ku yi abinku lafiya, ni ba ni zuwa.»

Na rasa abin cewa. Ina shirin tashi, sai ya ƙara: «Jan layin nan na lamba 17, har yanzu yana nan?» Ashe ya sani, shekara 40 bai taɓa yi mini maganar ba. Daren nan ban yi barci ba. Na gane cewa abin da na yi da dala biyar ina yaro, shi na sake yi da jika goma ina tsoho. Wannan karo ma mutum 11 na ja wa layi.

Na kira sauran ukun na faɗa musu. Alƙali ya ji haushi da fari, don ya riga ya yi magana da masu otel. Aka yi ta gardama kwana uku. Uwargida ce ta raba mu. Ta ce: «Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba. Mu a gaban Mushe har yanzu yara ne.» Muka warware shirin, muka sake ɗinki.

Da farko muka sake lokaci. Muka zaɓi Asabar ta ƙarshe ta watan Disamba. Lokacin an gama girbi, hatsi yana rumbu, lakwal tana hutu, ga sanyi, tafiya ba wuya.

Na biyu, muka sake wuri. Muka bar otel. Na rubuta wa darektan kwalejinmu takarda, ya ba mu izinin taruwa a fili. Dogon yaron nan yana nan, ya ƙara girma.

Na uku, muka sake maganar kuɗi. Ba a yanka wa kowa ba. Kowa ya kai wa Uwargida abin da ya iya, ita kaɗai ta san wanda ya ba da kaza. Mai hatsi ya kawo hatsi, mai icce ya kawo icce, wanda ba shi da kome ya kawo kansa. Aka bar maganar anko. Wanda kuɗin mota ya gagara, a aika masa a asirce.

Na huɗu, muka sake yadda mu ke kira. Zumunci a ƙafa ya ke. Duk wanda bai amsa ba, sai ɗayanmu ya taka ya je ya same shi.

A nan ne tsohon kayen ya yi rana. Ba mu da lambar wayar kowa cikin mutum 11 ɗin, amma muna da sunan gari da sunan mahaifi. Dogari ya kwafe su a takarda ya sa a aljihu. Duk tashar da ya tsaya sai ya tambayi ƴan kamasho: Mirriya, Matamaye, Magariya, Gure, Tasawa. Ya sami Sarkin Fawa yana noman rani a Mirriya. Ya sami wani yana gyaran babur a Magariya. Neman mata ya fi wuya. Mace in ta yi aure ta kan bar garinsu, kuma ba a kiranta da sunan yanka, sai a ce uwar wane. Uwargida ta riƙa bi gida-gida, daga ƙanwa zuwa suruka, har ta gano huɗu. Cikin wata uku mun sami mutum 9. Saura biyu: wata yarinya da aka ce iyayenta sun yi gabas tun da daɗewa, da Sankira.

Wani direba ya gaya wa Dogari cewa Sankira yana ƙauyensu. Dogari ya ce zai je. Na ce a'a, wannan tafiya tawa ce. Na shiga mota na kama hanyar Tanut. Muka wuce matatar man da aka buɗe a 2011, muka ci gaba arewa, itatuwa suna raguwa. Daga bakin titi na hau babur, muka yi ta kutsawa cikin rairayi.

Na same shi a inuwar rumbu yana tufkar igiya. Gemunsa ya yi fari, amma idanun ba su sake ba. Na yi sallama, ya amsa, ya shimfiɗa mini tabarma, aka kawo ruwa. Muka gaisa, muka tambayi iyali. Sai ya ce: «Tafinta, ka yi ƙiba.» Muka yi dariya. Na gaya masa maganar taro. Ya ci gaba da tufkarsa.

«Na ji sanarwarku a rediyo tun da bazara. Na ji jika goma. Amma ko ba kuɗi, ai ni ba ni cikinku. Kai ka soke sunana.»

Bai faɗa da fushi ba. Da ma fushi ya yi, da ya fi mini sauƙi. Na fito da kayen daga jaka, na buɗe shafin, na ajiye a gabansa. Na ce: «Malam, na zalunce ka. Ban tambaye ka dalili ba, na kunyata ka a gaban jama'a. Don Allah ka yafe mini.»

Ya daɗe yana duban shafin. Ya shafa layin da yatsa. Ya ce: «Ranar nan kwana biyu ban ci tuwo ba. Na zo wurin wasa ne don in manta da yunwa.» Ya rufe kayen ya miƙo mini. «Na yafe maka duniya da lahira. Yara mu ke. Mushe yana da rai?» Na ce yana nan, kuma ya ce ba shi zuwa sai da kai. Sai na ga ya juya fuska, ya share ido da hannun riga.

Ranar taro, tun da asuba Dogari ya ke kai da komowa tsakanin tasha da gidajenmu, don mu mazauna gari muka raba baƙi, kowa ya sauki biyu ko uku. Sankira ya iso da dami biyu na gero bisa mota. Da shi aka yi furar da kowa ya sha. Sarkin Fawa ya zo da kwandon salati da tumatir. Aka yanka raguna biyu, aka dafa shinkafa, aka sayi ruwa wurin ƴan garuwa.

Ba mu jera kujeru ba. Tabarmi muka shimfiɗa, kujera ɗaya tak aka kawo, ta Mushe. Muka yi doka ɗaya: ba Alhaji, ba Hajiya, ba Darekta, kowa da sunansa na wasa. Alƙali ya naɗe babbar rigarsa ya zauna kusa da mai gyaran babur, suna tuna ranar da gemun auduga ya kama wuta.

Mushe ya ce in yi kiran suna kamar da. Na buɗe kaye. Mutum 22 suka amsa da bakinsu. Uku suna ƙasashen waje, suka aiko da murya ta waya, aka sa kowa ya ji. Shida da suka rasu, mun gayyaci ƴaƴansu, su suka amsa a madadinsu, aka yi musu addu'a. Suna ɗaya na kira sau uku, ba amsa. Har yau muna cigiyarta.

Da na zo lamba 17 na tsaya. Na miƙa wa Sankira kayen da shuɗin bik. Ya ɗora shi bisa gwiwa, ya rubuta sunansa da hannunsa a saman jan layin. Shekara 40 yana riƙe da hauya, amma rubutunsa ya fi nawa kyau.

Ƴan kwalejin na yanzu sun shirya mana ɗan wasa. Suna shirin farawa, Mushe ya ɗaga sandarsa ya ce: «Ba a fara wasa a nan sai da shela.» Sankira ya miƙe, ya gyara hula, ya sa hannu a kunne. Muryar ta ɗan dushe, amma ta kai bayan katanga. Na ga masu wucewa sun tsaya, kamar da.

Kafin magariba Uwargida ta karanta lissafi a gaban kowa: abin da ya shigo gaba ɗaya, abin da aka kashe, abin da ya rage. Ba ta faɗi sunan kowa ba. Abin da ya rage aka raba shi biyu. Rabi aka ba ƙungiyar yaran su sayi ganga. Rabi aka ajiye don marayun ƴan'uwanmu. Muka share filin, muka yi sallama.

Yara, ku ma kuna da ƙungiyoyi: ta ƙwallo, ta lambu, ta waƙa, ta wasa. Wata rana za ku watse, don haka duniya ta ke. Ku sami kaye tun yanzu. Ku rubuta sunan kowa, da na mahaifinsa, da na garinsu. Lambar waya ta kan sake, amma gari yana nan inda ya ke. In kun ga ɗayanku ya kasa biyan abin da aka sa, kada ku yi saurin ɗaukar jan bik. Ku ja shi gefe ku tambaye shi lafiya. In kuma kun girma kun tashi tara juna, ku fara tunawa da wanda zuwa zai fi yi wa wuya, ku sa rana da wuri da kuɗi daidai da ƙarfinsa.

Kayen ya koma ƙasan akwati. Jan layin yana nan, ban goge shi ba. Mushe ya ce in bar shi, don in riƙa gani.